Yadda Ake Zaɓen Fili da Gina Ɗakin Kaji Mai Jure Zafin Bazara

Kajin da na fara yin asararsu ba cuta ce ta kashe su ba, gini ne. A bayan gida na sa aka yi musu ɗaki, bulo har sama, 'yan tagogi biyu, kwanon rufi kuwa dogon mutum zai iya taɓa shi da hannu. Na zuba buroila, wato kajin nama, a farkon Maris, suka taso gwanin sha'awa, suka cika mako shida a tsakiyar Afrilu. Wata rana tsakanin azahar da la'asar aka turo yaro ya kira ni. Na tarar da su baki buɗe, fukafukai a sake, manyan cikinsu da na riga na yi wa kuɗi a raina sun bi gindin bango sun mutu. Likitan dabbobin da ya zo ko jakarsa bai buɗe ba. Ya ɗaga kai ya dubi kwanon, ya ce, "Malam, ai gasa su ka yi."

Kaza ba ta yin gumi. Zafin jikinta yana wajen digiri 41, ga gashi ya lulluɓe ta. Ta fi sakewa idan iska tana tsakanin digiri 18 da 25. Da an doshi 30 sai ta fara haki, ta rage ci, ta ƙara sha. Mai ƙwai ta rage ƙwai, ɓawon ya yi laushi, domin yawan haki yana taɓa sinadaran jinin da take haɗa ɓawo da su. Idan cikin ɗaki ya kai 40, manyan buroila sukan fara faɗuwa. To a Kano da Katsina da Maraɗi, zafin inuwa a Afrilu yana kai wa 40, Sakkwato da Maiduguri har su zarce. Tun kafin ka sa kwano a kansu ke nan.

Saboda haka ɗakin kaji a ƙasarmu rumfa ce, ba ɗaki ba. Watan Afrilu ake gina wa, idan Disamba ta zo a yafa masa labule. Sanyi ana tare shi da buhu da tukunyar gawayi. Zafi kuwa idan gini ya riga ya kama shi, sai dai a rushe a sake.

Mataki na 1: Yanke adadi da irin kajin

Kada ka nemi fili ko ka kira magini kafin ka san kaji nawa za ka zuba, kuma waɗanne iri. Mai ƙwai a ƙasa, a kan diddigar katako, tana son murabba'in ƙafa biyu da rabi. Buroila tana iya zama a ƙafa ɗaya da kwata da sanyi, amma a bazara ka ba ta ɗaya da rabi. Noila, wato kajin da aka haɗa jinin na gida da na turawa, da sauran masu jinin gida sun fi juriya, su ma dai cunkoso yana cin su.

Bari mu riƙe misali ɗaya har ƙarshe: masu ƙwai 500. Idan ka ninka 500 da biyu da rabi, ka sami murabba'in ƙafa 1,250, wato ɗaki mai faɗin ƙafa 25 da tsawon ƙafa 50. Wannan ɗakin zai ɗauki buroila 1,000 a hunturu, a bazara kuma kar ka wuce 800. Na san 200 ɗin nan da aka rage suna yi wa mai kiwo ciwo. Amma kowace kaza murhu ce mai tafiya, zafin jikinta a cikin ɗakin take zubar da shi, kuma 200 ɗin da ka ƙi ragewa da kanka rana za ta rage maka su bayan sun gama cin abincinka.

Mataki na 2: Zaɓen fili

Fili sau biyu ake zuwa ganinsa. Ka je a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ruwa yake kwanciya da inda yake bi. Ka koma a Maris ko Afrilu da tsakar rana, ka tsaya a tsakiyarsa ka ji ko iska tana kaɗawa. Dillali da rani yake nuna fili, lokacin da kowane kwari ya bushe ya yi kama da tudu. Idan ba za ka iya jiran damina ba, dubi ƙasar: inda ta yi baƙi ta tsattsage, laka ce, ruwa yana zama. Ka tambayi manoman da ke maƙwabtaka, su ba su da abin ɓoyewa.

Tudu ake so, mai ɗan gangare kaɗan, ƙasa jigawa ko marmara wadda ke shanye ruwa. Fadama da bakin tafki a bar wa masu lambu. Ban da danshi da sauro, wuraren nan ne matattarar agwagin daji da sauran tsuntsayen ruwa masu ƙaura, kuma su ne ke yawo da murar tsuntsaye. Waɗanda suka daɗe a sana'ar ba su manta da 2006 ba, shekarar da aka tabbatar da cutar a wata gona a yankin Jaji na Jihar Kaduna, ta bazu zuwa Kano da Filato, ta ɓulla har Magariya a Nijar. An kashe kaji ba adadi. Tun daga nan mai hankali yake auna nisansa da gonar kajin wani. Rabin kilomita shi ne mafi ƙaranci da zan ba da shawara, kilomita guda ya fi. Haka ma kasuwar kaji da wurin fiɗa, da babbar hanyar da motocin kaji ke bi.

Sai ruwa. Ka tabbata akwai rijiya ko burtsatsen da ba ya ƙafewa a ƙarshen rani, ka kuma ɗanɗana ruwan. Mai gishiri ko kanwa yana sa zawo, yana ɓata ɓawon ƙwai. Kiwon da ya dogara da 'yan garuwa ranar da aka fi bukatarsu suke ɓacewa.

Sai hanya. Motar abinci za ta iya shiga a Agusta? Ƙwai zai fita a kiret ba tare da rabinsa ya fashe a gargada ba?

Na ƙarshe, mutane. Kajinka 500 kullum za su yi kashi kusan gwargwadon abin da suka ci. Da damina wari da ƙudaje ba sa neman izinin tsallaka katanga. Ka dubi inda gari yake miƙewa, domin filin da yake daji yau, bayan shekara biyar yana iya zama tsakiyar unguwa, kuma ranar da aka kai ƙara wurin mai unguwa ba wanda zai tuna kai ka riga kowa zuwa. Ka ba gidajen mutane tazara mai kyau, ka kuma lura da iska: da damina daga kudu maso yamma take tasowa, ta kwashi wari ta nufi arewa maso gabas. Ka gaisa da dagaci, ka kammala takardun fili kafin bulo na farko.

Mataki na 3: Inda ɗakin zai fuskanta

Wannan matakin ba ya cin ko sisi, amma shi aka fi kuskurewa. Tsawon ɗakin ya miƙe daga gabas zuwa yamma. Ƙananan bangaye biyu na ƙarshe, masu ƙafa 25, su za su kalli fitowar rana da faɗuwarta. Dogayen ɓangarori biyu masu raga su kalli kudu da arewa. Da haka rana za ta bi ta kan tsawon rufin, hantsi ya daki bangon gabas, ranar yamma ta daki bangon yamma, ba ta shiga wurin kaji. Idan aka juya shi, ranar la'asar za ta ratsa raga ta mamaye rabin ɗakin, kajin su gudu su taru a ɓangare guda, su danne juna.

Wani abin lura: gabas ɗin da muke fuskanta a salla ba ita ce gabas sak ba. Daga Kano alƙibla ta karkata wajen arewa da sama da digiri 20. Magini yakan duba masallacin unguwa ya ja igiyarsa. Kada ka bari. Ka duba da kamfas ɗin waya, ko ka yi ta hanyar da ba ta ƙarya: kafa sanda miƙe a tsakiyar fili, da hantsi ka sa alama a inda inuwarta ta ƙare, ka auna tsawon inuwar. Bayan azahar ka jira har inuwar ta sake kai wannan tsawon, ka sa alama ta biyu. Layin da ya haɗa alamomin nan biyu shi ne gabas da yamma.

A nan ne fuloti mai 50 bisa 100 yake ba da matsala. Idan tsawonsa daga kudu zuwa arewa yake, ɗaki mai ƙafa 50 ba zai shiga a gicciye ba sai ya haɗe da katanga. Gara ka yi gajerun ɗakuna biyu masu fuska daidai da ka yi dogo ɗaya a karkace. Mafi kyau ka duba wannan tun kafin ka biya kuɗin filin.

Katanga ma abin kula ce. Muna son kewaye komai da bulo saboda ɓarayi, amma katanga mai ƙafa takwas kusa da raga toshe hancin ɗakin take yi. Ka bar aƙalla ƙafa 15 zuwa 20 tsakaninsu, ko ka yi ɓangaren kudu da na arewa da waya. Idan ɗakuna biyu ne jere, a bar ƙafa 40 zuwa 50 a tsakani, don kada na biyu ya shaƙi iskar da na farko ya fitar.

Mataki na 4: Faɗi da tsayi

Tsawo ka ƙara yadda kake so, ko ƙafa 200 ne. Faɗi shi ne mai iyaka. Ɗakin da ya dogara da iskar Allah kada ya wuce ƙafa 30, ni na fi son 25. In ya fi haka, iskar da ta shigo ta wannan raga ba ta kai waccan, tsakiya ta zama tanda. Manyan ɗakunan da kake gani a bidiyo masu faɗin ƙafa 40 da 50 suna da manyan fankoki da wutar da ba ta ɗaukewa. Haka kuma kada ka kwafi ginin da ka gani a Jos, inda sanyin tsauni yake yafe kurakurai da yawa.

Ginshiƙan gefe su kai ƙafa 10, ƙololuwar tsakiya ƙafa 15. Magini zai ce ɓarnar kaya ce, kaza ai ba raƙumi ba ce. Ka ce masa kwanon kake nesantawa da ita. Kwanon da rana ta daka yana feso zafi ƙasa kamar garwashi, kuma kowace ƙafa da ka ɗaga shi sauƙi ce a bayan kaza. Idan keji mai hawa za ka sa, ƙara ƙafa biyu, domin na saman su ne na kusa da wutar.

Ginshiƙi na bututun ƙarfe ya fi, a dasa shi cikin kankare. Idan katako ne, a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai, a ɗora shi kan dandamalin siminti kada ya taɓa ƙasa.

Mataki na 5: Rufi

Nan ne ya kamata kuɗinka ya tafi. A Maris da Afrilu da Mayu rana tana bi ta tsakar ka, kusan duk zafin da ke shiga ɗakin ta rufi yake shigowa.

Rufin ya zama mai gangare biyu, kudu da arewa, kuma kada a haɗe ƙololuwarsa. A bar tsaga mai faɗin ƙafa ɗaya zuwa ɗaya da rabi tun daga wannan ƙarshe har wancan, sannan a ɗora mata ƙaramin rufi kamar hula, a ɗage shi ƙafa guda sama, ya zarce tsagar ta kowane gefe don feshin ruwa. Iska mai zafi sama take tashi. In ta sami ƙofa ta fita, sai sabuwa ta shigo ta raga ta maye gurbinta, ko da ganye ba ya motsi a waje. In ba ta samu ba, sai ta taru ƙarƙashin kwano ta sauko kan kaji. Tsagar nan a sa mata raga, in ba haka ba gwara da tattabaru za su mai da ita ƙofarsu.

Bakin rufin ya zarce raga da ƙafa huɗu ta kudu da ta arewa. Shi ke hana rana leƙowa, shi ke tare feshin damina. Ka tuna gangare yana saukar da shi: rufin da ya tashi daga ƙafa 10 zuwa 15 a kan rabin faɗin ɗakin, idan ya zarce da ƙafa huɗu bakinsa zai sauko wajen ƙafa takwas da rabi. Shi ya sa na ce 10 tun farko. A Disamba da Janairu rana takan karkata kudu, 'yar kaɗan ta leƙo ta wannan gefen. Ba laifi, lokacin ana sonta.

Da me za a rufa? A wajen sanyi babu kamar jinkar ciyawa, kakanninmu ba wawaye ba ne. Illarta gobara da ɓeraye da ƙwari, kuma tana son gyara a kai a kai. Alminiyon ya fi kwanon ƙarfe mayar da hasken rana, sai dai tsada. Kwano na yau da kullum shi ne abin da yawancinmu za mu iya, kuma shi ya fi zafi, musamman idan ya yi tsatsa ya yi duhu. Kwano mai launin ja ko shuɗi ko baƙi na gidan zama ne, kada ka kai shi gona. Tsohon asbesto da ake cirowa daga tsofaffin gine-gine a sayar da araha, ƙurarsa tana lahanta huhun mutum idan ana yanka shi ko ya farfashe. A bar shi.

Idan kwano ka sa, abu biyu za ka yi masa. Na ɗaya, ka shafe bayansa da farin fenti, ko farar ƙasa idan kuɗi ya gaza, sai dai ita damina tana wanke ta, kowace shekara sai an sake. Na biyu, ka shimfiɗa zana ko karan dawa ko ciyawa a kansa, a ɗaure da waya. A Fabrairu ake wannan aikin, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ruwa ya zauna a sauke, don ciyawar da ta jiƙe tana cinye kwano. Sili yana rage zafi, amma sararin da ke tsakaninsa da kwano gidan ɓera ne. Wanda zai yi, ya manna shi a jikin gangaren rufin, kada ya toshe tsagar sama.

Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, kuma rumfa mai buɗaɗɗen gefe laima ce a wurinsa. Kowane katakon rufi a ɗaure shi da ginshiƙi da rodi ko langalanga. Ƙusa kaɗai ba ta riƙewa.

Mataki na 6: Bango da raga da labule

Bangon gabas da na yamma a gina su har sama, a shafe su da fari ta waje. A ƙarshen yamma ka yi sito mai ƙafa 10, ya zama garkuwa tsakanin ranar la'asar da kaji. Abinci dai kada ya daɗe a ciki, zafi yana kashe bitamin ɗinsa, kuma a ɗora buhuna kan katako nesa da bango.

Dogayen ɓangarorin kuwa bulo layi biyu kawai, wajen ƙafa ɗaya da rabi. Aikinsa ya riƙe diddiga ya tare feshi. Da ya kai ƙugun mutum, iska za ta riƙa wucewa ta saman kaji, kai da kake tsaye ka ji daɗi, su da ke ƙasa suna dahuwa. A karkata saman bulon da siminti don kada su hau su kwana a kai.

Daga nan har rufi raga ce, mai ido inci ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan. Mai manyan ido tana shigo da tsuntsaye da ɓeraye, mai ƙanana ainun kuma ƙura da gashi suna toshe ta. Ko wacce ka sa, tsintsiya ta bi ta kowane mako, musamman bayan hunturu, don raga mai ƙura bango ce. A ƙasa, ƙafa uku na farko, a ƙara mai kauri saboda tunku da muzuru da karnuka.

Labule na buhunan abinci da aka ɗinke ya wadatar, tampol ya fi ƙarko. A kafe shi daga ƙasa, a riƙa jan sa sama da igiya, yadda idan an sassauta ta sama zai buɗe. Da haka iska mai sanyi ba ta bugun kaji kai tsaye, mai wari kuma tana samun mafita. A hunturu ɓangaren arewa aka fi rufewa, daga can iskar take. Ko a daren da ya fi kowanne sanyi a bar tsaga kamar tafin hannu a sama. 'Yan tsaki suna son digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a riƙa ragewa kamar uku kowane mako, don haka sai ka kewaye musu lungu ɗaya na ɗakin da labule na biyu. Amma gawayi a wurin da aka toshe ruf yana kashe su, yana iya kashe yaron da ke kwana da su.

Mataki na 7: Daɓe

A cika da marmara a daddaɓe, daɓen ya ɗara ƙasar waje da ƙafa guda. A zuba siminti mai kaurin inci uku, da ɗan gangare zuwa inda ruwan wanki zai fita, a sa wa ramin raga. Daɓen ƙasa ya fi araha, sai dai ba ya wankuwa, ƙwayoyin cutar kashin jini da tsutsar ciki suna zama a cikinsa daga zubi zuwa zubi, gafiya kuma tana haƙowa. A waje a zagaye ɗakin da siminti ko tsakuwa mai faɗin ƙafa uku, da lambatu daidai inda ruwan rufi ke zuba.

Diddigar katako ko buntun shinkafa, inci biyu a bazara, inci huɗu a hunturu. Mai kauri tana ɗaukar zafi, kuma kaza tana so ta tona ta manna ƙirjinta da sanyin daɓe. Garin katako mai laushi ba na 'yan tsaki ba ne, ci suke yi.

Mataki na 8: Ruwa da kayan ciki

Mai ƙwai da ke shan kamar rubu'in lita da sanyi tana iya kai rabin lita a bazara. Kaji 500 lita 250 ke nan a yini, jarka goma, ban da wanki. Tankinka ya riƙe na kwana uku aƙalla, mai lita 1,000 ya yi.

Baƙin tankin roba a saman ƙarfe cikin rana, wanda ya zama kamar tutar kowace gona, ruwan shayi yake ba kaji da azahar. Su kuwa idan ruwa ya yi ɗumi sai su ƙi sha, a daidai lokacin da ransu ya rataya a kansa. Ka yi wa tankin rumfa, ka naɗe shi da buhun algarara ko zana. Bututu a binne shi ƙafa ɗaya da rabi a ƙasa, a cikin ɗaki kuma kada ya bi ta jikin kwano. Da rana a zubar da ruwan da ya kwanta a bututu kafin a cika mazubai. Mai kaji kaɗan, randa a inuwa ta fi masa kowane tanki.

A jera mazubin ruwa yadda kaza ba za ta yi tafiyar da ta wuce ƙafa takwas zuwa goma ba kafin ta samu, a ƙara yawansu a bazara. Akwatin ƙwai ɗaya ga kaji biyar, ƙafa guda ta kowace fuska. A jingina su da bangayen ƙarshe ko a jera a tsakiya. Na sha ganin an jera su a jikin raga tun daga farko har ƙarshe, an toshe iskar da aka kashe kuɗi don a samu.

Idan da hali, ka ja tiyo mai ƙananan huji a ƙololuwar rufi don jiƙa kwano daga sha biyu zuwa huɗu, ko ka rataya jiƙaƙƙun buhuna a wani sashe na ragar da iska ke shigowa. Wannan yana aiki sosai a Maris da Afrilu, lokacin da iska take a bushe. Da an shiga zafin gumi na gab da damina amfaninsa ya ragu, har yakan ƙara wa kaji wahala, domin haki ba ya sanyaya su a iska mai danshi. A lokacin fanka ce magani, a rataye ta ƙasa-ƙasa tana tura iska bisa tsawon ɗakin. Sola ta dace da wannan aikin, tunda lokacin da rana ta fi zafi ne ta fi ba da wuta.

Mataki na 9: Kewayen ɗaki

Ƙasa tsirara tana mayar da zafi cikin ɗaki. Gajeriyar ciyawa da ake yankewa ta fi, doguwa kuma mafakar maciji ce. Darbejiya tana da inuwa a bazara lokacin da yawancin itatuwa suka kaɗe. A dasa ta ta yamma da kudu, ƙafa 20 daga ɗakin, a riƙa sare rassan ƙasa har su wuce bakin rufi, inuwa a sama, iska a ƙasa. Reshe kada ya hau kan kwano, tsuntsaye za su sauka su yi kashi.

Ƙofar gona ɗaya, ƙofar ɗaki ɗaya. A bakin ƙofar ɗakin a gina ɗan kwarmin siminti na ruwan magani, mai faɗin da ba a iya tsallake shi, da takalman roba da ba sa fita ko'ina. Masu sayen ƙwai da masu sarin kaji, waɗanda suka fito daga gonaki uku kafin taka, a yi musu rumfa a bakin ƙofar waje, nan cinikinsu zai ƙare. Ramin gawa mai murfi da wurin tara taki su kasance a can ƙarshen fili. Kajin gida da agwagi da zabi kada su zagaya wurin ko da na mai gadi ne.

Mai kaji 30 ko 50 a cikin gida, duk wannan ya shafe ki, Hajiya, sai dai a ƙanƙance. Ki nemi gefen da ya fi inuwa da iska, ba lungun da ke tsakanin katanga biyu ba, ba kuma jikin bangon da ranar yamma ke duka ba. Keji a ɗaga shi ƙafa biyu daga ƙasa, raga ta kowane gefe, zana a kan kwanonsa, nesa da murhu.

Mataki na 10: Gwaji kafin zubi

Kafin ka biya kuɗin 'yan tsaki, ka shiga ɗakin da ƙarfe biyu na rana. Rataya ma'aunin zafi ɗaya a tsakiya, ƙafa guda daga daɓe, wani kuma a inuwar bishiya a waje. Bayan rabin awa ka gwada su. Ɗaki mai kyau, yana fanko, bai kamata ya ɗara inuwar waje da fiye da digiri ɗaya ko biyu ba. Idan ya ɗara da huɗu ko biyar, rufin ne, koma mataki na biyar.

Sannan ka tsuguna har kanka ya zo daidai da bulon gefe, ka kunna ɗan tsumma ya yi hayaƙi, ka riƙe shi kusa da daɓe. Ka bi ɗakin da shi, tsakiya da kusurwoyi huɗu. Inda hayaƙin ya karkata ya fita ta raga, ko ya miƙe ya nufi tsagar sama, wurin lafiya lau. Inda ya tsaya yana kewaya kanka, ka sa alama da gawayi a daɓe, ka fita waje ka duba abin da ya tare iska ta wannan gefen: katanga ce, tarin bulo ne, ko reshe. In ba abin da za a iya kawarwa, a nan fankarka ta farko za ta rataya.